Ma'anar ma'aunin warwatsuwa da makin z a ilimin ƙididdiga

Matsakaici kaɗai ba ya bayyana halin da alƙaluma suke ciki. A ce ɗalibai biyar a wani aji sun ci 58, 59, 60, 61 da 62, wasu biyar kuma a aji na biyu sun ci 40, 50, 60, 70 da 80. Matsakaicin kowane aji 60 ne, amma malamin da ya koyar da su ya san cewa aji na farko kansu ɗaya, na biyu kuwa wasu sun yi nisa, wasu an bar su a baya. Abin da ke auna wannan bambanci shi ake kira ma'aunin warwatsuwa.

Mafi sauƙi shi ne tazara tsakanin babban maki da ƙarami, wato 4 a aji na farko da 40 a na biyu, sai dai maki ɗaya da ya fita zakka yana iya ɓata ta. Shi ya sa masana suka fi dogara da ma'aunin da ake kira standard deviation da Turanci, ana taƙaita shi da SD, wanda Karl Pearson na Ingila ya raɗa wa suna a 1893. Ana cire matsakaici daga kowane maki, a ninka abin da ya fito da kansa, domin in ba haka ba na sama da na ƙasa za su cinye juna a tashi da sifili, sannan a ɗauki matsakaicin sakamakon. A aji na biyu wannan ya ba da 200, kuma lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 200 ita ce kusan 14.1, kuma wannan lambar ita ce SD na ajin. A aji na farko 1.4 ce kawai.

Daga nan makin z ya samo asali: ana cire matsakaici daga makin mutum, a raba da SD. Yarinyar da ta ci 70 a lissafi, inda matsakaici 60 ne kuma SD 5, makin z ɗinta 2 ne. Idan ta ci 80 a Hausa, inda matsakaici 70 ne kuma SD 10, makin z ɗinta 1 ne. Ashe a lissafi ta fi yin fice, duk da cewa mahaifinta, da ya kalli katin sakamako, zai ɗauka akasin haka.

Ba a makaranta kaɗai ake amfani da shi ba. A cibiyoyin kula da yara masu tamowa, a Katsina ko Maraɗi, ma'aikaciyar lafiya tana auna nauyin yaro da tsawonsa, ta duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Idan makin z na nauyinsa, in aka kwatanta da na yara masu tsawonsa, ya yi ƙasa da -2 (wato ninki biyu na SD ƙasa da matsakaici), yaron ya rame. Idan ya gangara ƙasa da -3, tamowar ta yi tsanani, kuma a ranar za a sa shi cikin shirin magani.