Shari'a da alƙalanci a Zazzau

Alƙalanci a Zazzau shi ne tsarin yanke hukunci tsakanin jama'a a birnin Zariya da ƙasar da ke ƙarƙashin masarautar, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa kotunan Jihar Kaduna na yau. Tushe uku suka haɗu a cikinsa: fiƙihun Malikiyya, al'adun Hausawa da na sauran ƙabilun ƙasar, da dokar da Turawan Ingila suka kawo. Babu ɗaya da ya kawar da sauran gaba ɗaya. Kusan duk gwamnatin da ta zo takan fara kai hannu ne ga shari'ar jini da ta ƙasa, ta bar wa alƙali aure da saki da gado.

Kafin jihadi

Abin da aka sani game da shari'a a zamanin Haɓe kaɗan ne, kuma yawancinsa daga bakin zuriyar da ta koma Abuja, Suleja ta yanzu, aka samo shi. Ana cewa Musulunci ya shiga fadar Zazzau wajen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rabbo. Akwai malaman fada masu sarauta, irin su Limamin Juma'a da Salanke, amma manyan laifuka sarki ne ke yanke musu hukunci tare da 'yan majalisarsa.

Zamanin Fulani

Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci Zariya wajen 1808, ko da yake wasu lissafe-lissafen sun ce 1804. Sarki Makau ya fice kudu da jama'arsa. Daga nan sarautar ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Gyaran shari'a na daga cikin manyan hujjojin jihadin, don haka muƙamin alƙali ya sami matsayin da bai taɓa samu ba. Littattafan da ake hukunci da su su ne na Malikiyya da aka sani a duk ƙasar Hausa: Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, wadda ta fi mai da hankali kan ƙa'idojin zaman shari'a. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam domin jagorantar masu mulki da alƙalai. Ilimin yana gidajen malamai ne a unguwanni irin su Juma da Kona, kuma har yau akwai Unguwar Alƙali a cikin ganuwa. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, an haɗa shi da ɗakin shari'a a harabarsa, dab da fada.

Zaman alƙali ba shi da wani tsari mai wuya. Malam na zaune a kan buzu, muhutai na gefensa da littattafai, masu ƙara na durƙushe a gabansa suna cewa "Allah ya gafarta Malam". Mai ƙara shi ke kawo shaidu, wanda ya musa shi ke rantsuwa. Ba a karɓar shaidar mutum sai an tabbatar da adalcinsa. Kafin a yanke hukunci sai an yi izari, wato a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana ko wata hujja. Wannan mataki na nan har gobe a kotunan shari'a, kuma kotunan sama sukan rushe hukunci idan aka tsallake shi. Alƙali ba shi da albashi. Abin da yake samu ya haɗa da ushira, kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da ya raba ko bashin da ya karɓo.

Sarki kuma na da tasa majalisar shari'a. Can ake kai kisan kai, rikicin gona da iyaka, ƙarar talaka a kan mai sarauta, da duk abin da ya shafi siyasa. Yari ke tsare fursunoni, dogarai ke kamawa. A bisa ƙa'ida alƙali ba ya ƙarƙashin kowa sai littafi, amma sarki ke naɗa shi, sarki ke tuɓe shi, kuma a masarautar da gidaje huɗu ke takara kowane sabon sarki yakan zo da mutanensa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zariya kuma littafinsa kan mulkin Zazzau ya fito a 1960, ya yi dogon bayani kan yadda ake tuɓe masu muƙami a ƙwace dukiyarsu idan mulki ya sauya gida.

Sama da sarkin akwai Sakkwato. Wazirin Sakkwato ne ƙofar Zazzau, wato mai kula da lamuranta a fadar Sarkin Musulmi, kuma ta hannunsa aka tuɓe sarakuna irin su Sidi Abdulƙadir, Abdullahi (har sau biyu) da Sambo. Ƙasashen da ke biyayya ga Zazzau, kamar Keffi, Nasarawa da Jama'a, suna da nasu alƙalan. Ƙabilun kudu da ba Musulmi ba galibi sun ci gaba da sasanta al'amuransu ta hannun dattawa da tsafin gargajiya, muddin sun biya abin da aka ɗora musu.

Zuwan Turawa

Sojojin Ingila sun shiga Zariya a 1902. An kawar da Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, don ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun amince da su, amma da sharaɗi: an hana yanke hannu da duk hukuncin da Turawa suka ga ya saɓa wa abin da suke kira adalci da tausayi, kuma Razdan na da ikon duba littafin kotu, ya rage hukunci ko ya mai da shari'a wata kotun. Daga baya aka kasa kotunan daraja huɗu, daga A zuwa D. Kotun sarki na darajar farko, tana iya yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu.

Abin mamaki, a wannan zamani ne alƙalanci ya fi yaɗuwa a ƙasar Zazzau. Da aka umarci hakimai su bar birni su koma gundumominsu, sai aka bi su da alƙalai, aka sa musu albashi daga baitulmali, aka tilasta rubuta kowace shari'a. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin alƙali ba sai ga shi a bakin kasuwa. A kudancin lardin, inda yawancin jama'a ba Musulmi ba ne, wannan ya zama abin ƙorafi na shekaru masu yawa, kuma yana cikin koke-koken da aka gabatar wa Hukumar Willink mai binciken fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958.

Babban aikin da kotunan suka yi a farkon mulkin Turawa shi ne na bayi. Zazzau ƙasa ce mai rumada, wato ƙauyukan bayi manoma, da yawa. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Sai aka bi ta hanyar da fiƙihu da al'ada suka riga suka sani: bawa ya je gaban alƙali a yanka masa kuɗin fansa, ya yi aiki ya biya, a ba shi takarda. Mata da yawa masu neman aurensu ne suka fanshe su. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Sabon Gari, wanda ya taso da zuwan jirgin ƙasa, yana da nasa tsarin dabam, da kotun haɗaka domin baƙi 'yan kudu.

Shari'ar da aka fi tunawa a wannan zamani ita ce ta Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Wajen 1943 kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifin cin kuɗin jangali a Gusau. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. A shekarun 1950 kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun sha ɗauri a kotunan En'e, wato hukumar sarakuna, bisa laifuka irin su taro ba izini da zagin sarakuna, a kotunan da ba a yarda lauya ya shiga ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya na cikin waɗanda suka fi shan wannan. Ana cewa an ɗaure ta sau 16.

Kongo da Final Kod

Tun daga shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Gwandu ta yanke, aka shiga ruɗani kan wace doka ce ke sama a laifukan jini. Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan. Shawararsu ta haifar da Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Ta maye gurbin haddi da ƙisasi, sai dai ta bar wasu alamu: sashe na 387 da 388 sun hukunta zina ga wanda addininsa ko al'adarsa ta haramta, an kuma bar bulalar haddi ga Musulmi a wasu laifuka. A madadin abin da aka karɓe, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure, gado, wasiyya da wakafi. Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

A nan ne Zariya ta shigo tsakiyar labarin. Alƙalan Arewa sun ƙware a Muhtasar, amma ba su san doka mai lambobin sashe ba. Aka ɗora wa Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke unguwar Kongo a Zariya nauyin horar da su. Rukuni-rukuni aka riƙa kawo alƙalai da muhutai da magatakardan kotu daga larduna, wasu dattawa masu furfura, ana koya musu yadda ake tsara tuhuma da rubuta bayanin shari'a, galibi da Hausa. S. S. Richardson, wanda ya taɓa aiki a Sudan kuma yana cikin waɗanda suka tsara sauyin, ya shugabanci cibiyar a shekarun 1960. Saboda an san ba a rana ɗaya za a saba ba, da farko doka ta ce kotunan gargajiya su ɗauki kundin tsarin shari'ar laifuka a matsayin jagora, ba a rushe hukuncinsu don ƙaramin kuskuren tsari.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, cibiyar ta shiga cikinta, Tsangayar Shari'a ta zauna a Kongo. A 1966 aka kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. Da wuya a sami babbar kotu a Arewa da ba ta da wanda ya bi ta Kongo.

Ƙarshen kotun sarki

Gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mai da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, tsarin da ya fara aiki a watan Afrilun 1968. 'Yan doka da gidajen yari na En'e su ma suka koma hannun gwamnati. Muhammadu Aminu ne Sarkin Zazzau na ƙarshe da ya zauna shari'a da ikon doka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Duk da haka ana ci gaba da kai rikicin gona da na gado wurin mai unguwa, dagaci, hakimi, har fada, domin sulhu.

Daga shekarar 2000

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar laifuka, muhawarar yin haka a Jihar Kaduna ta jawo tarzoma a watannin Fabrairu da Mayu na 2000, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Gwamnatin Ahmed Makarfi ta rushe kotunan yanki a 2001, ta kafa kotunan shari'a domin Musulmi da kotunan al'ada domin waɗanda ba Musulmi ba, kotunan majistare da babbar kotu suka ci gaba da aikinsu. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke Kongo ta tsara daidaitaccen kundin laifuka domin jihohin da suka ɗauki shari'a.

Yawancin abin da ke gaban kotunan shari'a na Zariya a yau bai bambanta da na da ba: mace mai neman hul'i, rigimar ci da sha, riƙon 'ya'ya, bashi, da rabon gidan gado a cikin birni, inda magada kan yi yawa har gidan ya gagara rabuwa sai an yi masa kuɗi. Al'ada na shiga ta ƙofar kayan lefe da na toshi. Fiƙihu sadaki ya sani, amma idan aure ya fasu kafin ɗauri, akwatunan lefe sukan iso har gaban alƙali a ƙirga turame ɗaya bayan ɗaya. Lauyoyi yanzu suna tsayawa a waɗannan kotuna.

Rikicin Disambar 2015

Daga 12 zuwa 14 ga Disamba, 2015, an yi arangama a Zariya tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci ta Shaikh Ibrahim Zakzaky. Kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ƙarƙashin Mai shari'a Muhammad Lawal Garba ya ba da rahoton mutuwar farar hula 348 da soja ɗaya. 'Yan Harkar sun ce adadin ya fi haka. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin sakin Zakzaky da matarsa, ba a bi umarnin ba. Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallame su ranar 28 ga Yuli, 2021.

Sarautar 2020

Bayan rasuwar Sarki Shehu Idris a watan Satumban 2020, gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Nuhu Bamalli, na farko daga gidan Mallawa tun bayan tuɓe Aliyu ɗan Sidi a 1920. Iyan Zazzau Bashir Aminu ya ƙalubalanci naɗin a kotu, amma ya rasu a farkon Janairun 2021.