Kakar EuroLeague ta Mata ta 2022–23

Kakar 2022–23 ita ce karo na 65 da aka buga babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin mata na nahiyar Turai, wadda hukumar FIBA reshen Turai ke shiryawa. An soma wasannin rukuni a ƙarshen Oktoban 2022, aka rufe da wasan ƙarshe a birnin Prag na Jamhuriyar Cak ranar 16 ga Afrilu, 2023. Ƙungiyar Fenerbahçe ta birnin Istanbul ce ta ɗauki kofin, bayan ta lallasa 'yar'uwarta ta Turkiyya, ÇBK Mersin, da maki 99 da 60. Wannan ne kofinta na farko a gasar, bayan ta je wasan ƙarshe sau huɗu tana dawowa hannu rabbana. An kuma buga kakar daga farko har ƙarshe ba tare da ƙungiyoyin Rasha ba.

Asalin gasar

An kafa gasar a kakar 1958–59 da sunan Kofin Zakarun Turai, kuma Slavia Sofia ta Bulgariya ce ta fara ɗauka. Daga nan sai Daugava Riga, ƙungiyar ma'aikatan jiragen ƙasa na cikin gari da motocin haya na birnin Riga a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta mamaye ta: kofi 18 ta tara tsakanin 1960 da 1982, yawancinsu a zamanin Uljana Semjonova, 'yar wasan da tsayinta ya haura mita biyu. Har yau babu ƙungiyar da ta kusanto wannan adadi. Bayan Riga, gasar ta ɗan zauna a hannun 'yan Italiya, musamman Vicenza, sannan Bourges da Valenciennes na Faransa. A 1996 aka sauya mata suna zuwa EuroLeague.

Daga 2003 ƙungiyoyin Rasha suka karɓi ragama, kuma kuɗi ne ya kawo haka. Spartak ta yankin Mosko ta ci kofin sau huɗu a jere, 2007 zuwa 2010. UMMC Ekaterinburg, wadda wani katafaren kamfanin haƙar ma'adinai na yankin Ural ke ɗaukar nauyinta, ta ci sau shida: 2003, 2013, 2016, 2018, 2019 da 2021. Kakar gasar WNBA ta Amurka a lokacin zafi take, ta Turai kuma a lokacin sanyi, don haka manyan 'yan wasa kan buga duka biyun, kuma albashin Rasha ya ninka na Amurka nesa ba kusa ba. A 2015 ma UMMC ta biya Diana Taurasi don ta huta, kada ta buga kakar WNBA ta shekarar.

Abin da ya gabaci kakar

Mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren a Fabrairun 2022 ta zo ana tsakiyar kakar da ta gabata. FIBA ta cire UMMC da Dynamo Kursk da MBA Mosko daga gasar, 'yan wasan ƙetare suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar. Kwanaki kaɗan kafin a fara yaƙin an kama Brittney Griner ta UMMC a filin jirgin sama na Sheremetyevo bisa zargin shigowa da man wiwi. Sai ranar 8 ga Disamba, 2022 aka sake ta a musayar fursunoni, lokacin kakar da ake magana a kanta ta riga ta yi nisa.

Da manya suka kau, kowa ya ɗauka kofin 2022 na Fenerbahçe ne, tunda a gidanta Istanbul za a buga wasan ƙarshe. Sai Sopron ta Hungari ta doke ta da 60 da 55. Fenerbahçe ta riga ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2013 a hannun UMMC, da na 2017 a hannun Dynamo Kursk. Wanda ya fi ci wa magoya bayanta tuwo a ƙwarya shi ne na 2014, domin babbar abokiyar hamayyarta ta cikin gari, Galatasaray, ce ta doke ta, ta zama ƙungiyar Turkiyya ta farko da ta ɗaga kofin.

Shugabannin ƙungiyar suka buɗe bakin aljihu. Suka ɗauko Marina Maljković a matsayin mai horarwa, wadda ta kai tawagar matan Sabiya ga kofin Turai a 2015 da 2021, 'yar fitaccen koci Božidar Maljković. Emma Meesseman ta Beljiyam ta zo daga UMMC, sai kuma Breanna Stewart da Courtney Vandersloot, su ma tsofaffin 'yan wasan UMMC, waɗanda suka iso bayan kaka ta yi nisa. Sun tarar da Alina Iagupova ta Yukiren, da Kayla McBride, da Satou Sabally, 'yar Jamus wadda mahaifinta ɗan Gambiya ne. Masu sharhi da dama sun ce tsohuwar UMMC ce kawai ta canza riga. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Tsari da ƙungiyoyi

Ƙungiyoyi 16 ne, an raba su rukuni biyu, takwas-takwas. Kowace ta buga wasa 14, gida da waje, huɗun farko na kowane rukuni suka wuce zagayen takwas.

Rukunin A ya ƙunshi Fenerbahçe, USK Praha, Valencia, Bourges, Polkowice ta Polan, Virtus Bologna, Szekszárd ta Hungari da Olympiacos ta Girka. A rukunin B akwai Mersin, Famila Schio, Perfumerías Avenida ta birnin Salamanca, Sopron, Girona, Basket Landes, DVTK ta Miskolc da Kangoeroes Mechelen ta Beljiyam. Hungari da Sifaniya kowace na da ƙungiya uku.

Girgizar ƙasa

Ranar 6 ga Fabrairu, 2023 girgizar ƙasa ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ta kashe mutum fiye da dubu 50 a Turkiyya kaɗai. An dakatar da wasanni a ƙasar na wani lokaci. Cikin waɗanda suka rasu har da Nilay Aydoğan, 'yar wasan ƙwallon kwando da ke buga gasar ƙasar, wadda gini ya rufta da ita a Malatya. Birnin Mersin na bakin tekun Bahar Rum, ba shi da nisa da yankin da abin ya shafa, kuma ɗimbin waɗanda suka rasa matsuguni can suka nufa.

Zagayen takwas

A watan Maris aka buga shi, wadda ta fara cin wasa biyu cikin uku ita ke wucewa. Fenerbahçe ta haɗu da Sopron, ta rama abin da aka yi mata bara, ta fitar da mai riƙe da kofin. Mersin ta fitar da Bourges, Praha ta fitar da Avenida, Schio kuma ta fitar da Valencia, abin da ya kai ta zagayen huɗun ƙarshe karo na farko a tarihinta.

Wasannin Prag

An buga su a zauren Královka, gidan USK Praha. A birnin ne ƙungiyar ta ba da mamaki a 2015, ta doke UMMC ta ɗauki kofi a ƙarƙashin Natália Hejková, wadda har zuwa wannan kaka ita ce mai horar da ita. Ga kuma Alyssa Thomas da Brionna Jones a cikin tawagar, don haka 'yan kallon gida sun zo da kyakkyawan zato.

Ranar 14 ga Afrilu Mersin ta watsa musu ƙasa a ido, ta ci 78 da 58. Mai horar da Mersin, Roberto Íñiguez ɗan Sifaniya, shi ne ya jagoranci Fenerbahçe a wasannin ƙarshe biyu da ta rasa a 2013 da 2014, kuma yana da Tiffany Hayes da Chelsea Gray a hannunsa. A ɗaya wasan Schio ta ba Fenerbahçe wuya sosai kafin ta faɗi da 77 da 70, kuma shi ne wasan da ya fi armashi a makon. A neman matsayi na uku Schio ta doke Praha da 59 da 56, da jifar maki uku da Eglė Šventoraitė ta zura daidai lokacin da agogo ke cika.

Wasan ƙarshe kuwa tun kafin hutun rabin lokaci aka san inda ya dosa. Stewart ta zura daga nesa, ta zura daga ƙarƙashin kwando, ta tashi da maki 35, adadin da ba a taɓa samu ba a wasan ƙarshe tun da gasar ta koma EuroLeague. Tazarar maki 39 ma tana cikin mafi faɗi a tarihin wasannin ƙarshe. Ga Stewart abin na da wani tarihi: a wasan ƙarshe na 2019 a Sopron, tana buga wa Dynamo Kursk, ta yi tsalle ta sauko a kan ƙafar Griner, jijiyar agararta ta tsinke, ta rasa kakar WNBA ta shekarar baki ɗaya.

Kyaututtuka

Stewart ce gwarzuwar wasannin Prag, karo na biyu bayan na 2021. Meesseman ta zama gwarzuwar kaka. Kyautar tsaron gida ta tafi ga Alyssa Thomas, ta matashiyar 'yar wasa kuma ga Pauline Astier ta Bourges.

Taƙaddama da WNBA

A 2023 wani sashe na yarjejeniyar WNBA da ƙungiyar 'yan wasanta ya fara aiki, wanda ya tilasta wa 'yan wasan da suka daɗe a gasar komawa Amurka kafin a fara kaka, ko a dakatar da su. Masu ƙungiyoyin Amurka sun ce suna kare gasarsu ne. Wasu 'yan wasa sun ce albashin da ƙololuwarsa bai kai dala dubu 240 ba bai isa a hana su neman na Turai ba.

Bayan kakar

Fenerbahçe ta haɗa da kofin gasar Turkiyya, nan ma ta doke Mersin. Ta kuma ci kofin SuperCup a kan ASVEL ta Faransa, wadda ta lashe EuroCup, gasar da ke bin EuroLeague a daraja. Maljković da Stewart ba su ci gaba da zama ba, amma ƙungiyar ta kare kofinta a 2024 a birnin Mersin ƙarƙashin Valérie Garnier, ta doke Villeneuve d'Ascq da 106 da 73. A kakar 2024–25 aka sauya tsarin gasar zuwa zagayen ƙungiyoyi shida na ƙarshe, Praha ta ɗauki kofin a Zaragoza bayan ta doke Mersin.