Ma'anar "terra nullius" da yadda ta yi aiki a Glenelg

Terra nullius lafazin Latin ne na lauyoyi, ma'anarsa ƙasar da ba ta da mai ita. A Ostareliya har gobe yana fitowa duk lokacin da aka tayar da maganar filayen 'yan asalin ƙasar. Turawan Ingila sun tarar da mutane, ido ya gan su. Hujjarsu ita ce waɗannan mutane ba su kafa shinge ba, ba su da sarkin da za a ƙulla yarjejeniya da shi, saboda haka ƙasa ta wanda ya kafa tuta ce.

Wanda ke son ganin yadda abin ya gudana, ya duba Glenelg, wata unguwar bakin teku a gefen birnin Adelaide. A nan Gwamna John Hindmarsh ya sauka bayan jirgin ruwan Buffalo ya kawo shi, aka karanta shelar kafa gwamnatin Kudancin Ostareliya ranar 28 ga Disamba, 1836. Bishiyar da ake dangantawa da taron tana nan, ta lanƙwashe kamar baka. Ta daɗe da mutuwa, an cika cikinta da siminti, an yi mata rumfa, kuma duk shekara ana taruwa a gindinta. Sunan unguwar ma na Lord Glenelg ne, sakataren mulkin mallaka na lokacin, alhali wurin ƙasar mutanen Kaurna ce tun kaka da kakanni.

Abin takaicin shi ne takardu biyu sun yi karo. Dokar majalisar Ingila ta 1834 ta kira yankin fili marar amfani da ba kowa a kai. Takardar sarki ta Fabrairun 1836 kuwa ta ce kada a taɓa haƙƙin 'yan ƙasa kan wuraren da suke zaune. Aka bi ta farko, domin da kuɗin sayar da filaye ake ɗauko sababbin baƙi daga Ingila. Ai kowa ya san wadda za ta yi nasara.

Sai ranar 3 ga Yuni, 1992 babbar kotun Ostareliya ta yi watsi da hujjar terra nullius a shari'ar Eddie Mabo, wani ɗan asalin ƙasar da ya kai ƙara kan filin kakanninsa, wanda ya rasu 'yan watanni kafin hukuncin. Dokar mallakar filayen gado na 'yan asalin ƙasar ta biyo baya a 1993, amma ba ta shafi filin da aka riga aka sayar ba. Shi ya sa da kotun tarayya ta tabbatar wa Kaurna haƙƙinsu a 2018, 'yan filaye ƙalilan hukuncin ya ƙunsa.