Star Wars ko Star Trek, wa zai ci wani da yaƙi? Ga amsa, a bar ni in huta

Shagona na tura fina-finai a waya yana wajen Ƙofar Ƙaura, kuma tun da samarin unguwa suka gane ina kallon fina-finan kumbo da yaƙin taurari ban ƙara samun sakat ba. Mutum zai miƙo memori, kafin fim ya gama shiga ya jefo tambayar da na amsa jiya, na amsa shekaranjiya. To ga su nan a rubuce.

Wai ba abu ɗaya ba ne su biyun?

A'a. Star Trek shirin talabijin ne da Gene Roddenberry ya fara a Amurka a 1966. Star Wars fim ne na George Lucas, ya fito a 1977. Wanda bai bambance su ba ya zauna ya saurara, ban da sa baki.

Death Star ta fasa duniya guda da harbi ɗaya, ai magana ta ƙare ko?

Death Star, ƙatuwar tashar yaƙin Daular da ke mulki a Star Wars, ta fasa duniyar Alderaan a fim ɗin 1977, ba musu. Amma a cikin wannan fim ɗin dai wani yaro da ya taso a gona ya zo da ɗan ƙaramin jirgi, ya harba ta wata kafa mai faɗin mita 2, ta yi raga-raga. Suka sake gina wata, a fim ɗin 1983 ita ma aka fasa. A fim ɗin ne kuma wasu 'yan gajerun halittu masu gashi suka fatattaki sojojin Daular da duwatsu da gungumen itace. Ku daina kawo mini Death Star kamar wata laya.

Ina Thanos da Goku?

Na wasu fina-finai ne daban, suna gidajensu. Ba da su ake ba.

Yaya, majalisarmu ta rabu biyu kuma ni aka naɗa alƙali. Daular Star Wars da Tarayyar Star Trek, wa zan ba?

Allah ya ba ka haƙuri, ƙanena. Kafin ka buɗe baki, sa su yarda da abu uku: a ina za a gwabza, a wane zamani na labarin, kuma me ake nufi da nasara. In ba ka yi haka ba har kiran assalatu kuna nan.

In don ta ni ne, Daular nake ba, kuma ba don girman makami ba, don sauri. A shirin Star Trek mai suna Voyager na 1995 an jefa kumbon Tarayya nisan da haske ke yi a shekara 70,000, aka lissafa sai ya yi kamar shekara 75 kafin ya dawo gida. Su kuwa jiragen Star Wars suna tsallaka tazara irin wannan ko gemun matuƙi bai tofo ba. Wanda zai iya sauka ƙofar gidanka da hantsi ya koma nasa kafin la'asar, alhali kai sai jikanka ne zai isa garinsa, ai shi ke zaɓen ranar faɗa. Ga yawa kuma. A fim ɗin Star Trek na 1996 kyaftin Picard da bakinsa ya ce Tarayya duniyoyi ɗari da hamsin da 'yan kai ce, ita kuwa Daular gungun taurari sukutum take mulka.

Sai dai kada ka buga guduma tukuna. Saurin nan na Star Wars sai da hanyar da aka riga aka auna aka zana, in ba haka ba jirgi ya afka cikin tauraro. Kakanninmu da suka yi ta kai ruwa rana da Kano da Gobir sun san doki komai gudunsa bai da amfani in mahayi bai san inda rijiya take ba. In a gidan Tarayya ake yaƙin, Daular baƙuwa ce, ba taswira. Sannan mutanen Star Trek suna da na'urar da ke ɓatar da mutum nan ya bayyana can, wadda za ta iya ajiye bam a ɗakin kyaftin. Ita ma da sharaɗi, ba ta ratsa garkuwar jirgi in a kunne take, kuma ba wanda zai rantse maka cewa garkuwar Star Wars irin tasu ce, don ba marubuci ɗaya ya ƙago su ba. Ƙara da cewa injiniyoyin Tarayya in jirgin abokin gaba ɗaya ya faɗo hannunsu, sai sun kwance shi sun gano sirrinsa.

Saboda haka in yaƙin wata shida ne, ba Daular. In ya ja shekara ashirin, ni kaina sai na sake tunani. Ko yaya ka yanke rabin majalisa za su ce an saye ka da shayi, kada abin ya dame ka.

Wani ya ce Warhammer 40,000 za ta cinye su duka.

Wannan ya yi karatu, ku ba shi kujera. Wasa ne na 'yan mutum-mutumi da ake jerawa a tebur, kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987. Daular mutane a can duniyoyi wajen miliyan take da su, kuma ƙone duniya ɗungum ba ya hana shugabanninta barci. Rauninta shi ne tafiya, rundunar da aka tura ceto na iya isa bayan an shekara ɗari da binne waɗanda suka nemi agaji.

To masu komawa baya cikin zamani, irin Doctor Who?

Haramtattu ne a musu. Wanda zai je ya hana a haifi kakan abokin faɗansa ba yaƙi ya yi ba. Haka Q na Star Trek, mai kaɗa yatsa runduna ta ɓace. Da an ambace su, tashi ka kama gabanka.

Kallon irin waɗannan ya halatta?

Ka tambayi malaminka. Ni tura fim nake.

Wanne zan fara kallo?

Star Wars na 1977, sai na 1980, sai na 1983, a jere. Kuma ka goge bidiyoyin bikin nan kafin ka zo, memorinka a cike yake.