Wa ya cancanci dashen ƙoda, kuma wa ke yanke hukuncin?

Assalamu alaikum, jama'ar Zango.

A Aboabo da Asawase da Tafo, nan Kumasi, idan aka ce ƙodar wane ta daina aiki, maganar farko kuɗin wankin ƙoda ce. Sai gida ya gaji da zaryar asibiti sau biyu ko uku a mako sannan wani ya ce, "To ba za a sa shi a layin dashe ba?" Da yawanmu na zaton akwai wani dogon jeri a ofis, ana rubuta suna ana jira, mai uwa a gindin murhu kuma ya tsallake. A Amurka da Ingila akwai irin wannan jerin, domin can ana cire ƙodar wanda ya rasu a ba mai rai. Mu a Ghana, tun da aka fara dashen ƙoda a asibitin Korle Bu a 2008, daga jikin mai rai ake samunta. Layin mara lafiya danginsa ne, shi ya sa rabin hukuncin a asibiti ake yanke shi, rabi kuma a zauren gida.

Mu fara da na asibiti. Likita yana duba rukunin jini: mai O yana iya ba kowa, amma shi daga mai O kaɗai yake karɓa. Sannan a haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa a ga ko jiki zai yaƙi baƙuwar ƙodar. Matar da ta haihu da yawa, ko wanda aka sha ƙara wa jini, garkuwar jikinsa kan riga ta koyi wannan yaƙin, sai samun wadda ta dace ya yi wuya. Mai tarin fuka da bai gama magani ba, mai ciwon daji da ba a shawo kansa ba, da wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki tiyata ba, duk ana dakatar da su. Dalili shi ne bayan dashe ana shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa, kuma duk cutar da ke kwance sai ta miƙe. Waɗannan dalilan jiki ne, ba su san Alhaji ba, ba su san ɗan dako a kasuwar Kejetia ba. Da yawansu kuma na ɗan lokaci ne. Saboda haka idan aka ce bai cancanta ba, kada a naɗe tabarma a tafi. A tambaya: me ya hana, ana iya gyara shi, yaushe za a sake dubawa?

Amma likitoci ma mutane ne, kuma tarihi ya nuna yadda son rai ke shiga cikin rigar ilimi. A farkon shekarun 1960, a birnin Siyatil na Amurka, injinan wankin ƙoda sun yi kaɗan, sai aka naɗa mutum 7 su zaɓi wanda za a ɗora a kai, cikinsu har da lauya da limamin coci da ma'aikacin banki. Suna duba aurenka, yawan 'ya'yanka, albashinka da karatunka. Wanda suka ga ba shi da amfani ga gari sai ya koma gida ya jira ajali. Da labarin ya fito a 1962 aka yi ta ƙorafi, kuma a 1972 gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyin jinyar masu wannan ciwo.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Shekaru da dama lissafin da ake auna aikin ƙoda da shi a Amurka yana ƙara wa baƙar fata maki, sai ƙodarsa ta fito a takarda kamar ta fi yadda take lafiya. Sakamakon haka ana makara wajen sa shi a jerin jira. A 2021 aka cire launin fata daga lissafin, a 2023 kuma aka umarci asibitoci su mayar wa baƙaƙen fata lokacin jiran da suka rasa. Babu wanda ya zagi kowa a cikin wannan, lamba ce kawai a kwamfuta.

Inda ni na fi jin tsoro a nan gida shi ne tambayar da ake yi wa kowane mai neman dashe: za ka iya shan magani kullum, ka riƙa zuwa gwajin jini? Tambayar tana da tushe. Wanda ya bar magani, jikinsa zai ƙi ƙodar, a yi asarar abin da ɗan uwansa ya sadaukar. Sai dai ta wannan ƙofar talauci ke shigowa. Mutum ya tsallake ranar asibiti don ba shi da kuɗin trotro, a rubuta masa sakaci. Tsohuwa ba ta jin Turanci, Asantancinta ma na kasuwa ne, ta kasa maimaita abin da aka faɗa mata, a ɗauka ba za ta kiyaye ba. A ganina adalci shi ne a raba wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Na biyun tafinta yake buƙata, da wanda zai tsaya masa, da lissafin kuɗin maganin shekara tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Idan za ku ga likita, ku tafi da mai jin harshen sosai, ku faɗi gaskiyar dalilin duk ranar da aka tsallake. Ƙungiyoyinmu na unguwa da ke tara kuɗin tiyata a masallaci, su tuna tiyatar rana ɗaya ce, maganin kuwa na kullum. Har azumi sai an zauna da likita a kansa, domin wasu magungunan awa 12 ke tsakaninsu.

Yanzu zauren gida, inda babu kwamiti, babu takarda. Idan maigida ne ya kwanta, nan da nan ake haɗa kuɗi, ido kuma ya koma kan matarsa ko ƙanwarsa ko 'yar da ba ta yi aure ba. Idan matar ce ta kwanta, sau da yawa sai a ji shiru. A ƙasashe da dama mata sun fi maza yawa cikin masu ba da ƙoda da ransu, maza kuma sun fi yawa cikin masu karɓa. Yarinyar da Baba ya kalla ya ce "ke ce za ki ba yayanki", ta sunkuyar da kai, ba ta amince ba, kunya ta ji. Ya kamata ta san cewa mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, amma tiyata ce ta gaske, kuma haɗarin hawan jini lokacin goyon ciki yana ɗan ƙaruwa. Mai ciwon suga ko hawan jinin da bai daidaita ba, ba a karɓa daga gare shi ko ya nace.

Saye kuwa babu shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da sashen jiki da yardar mai shi, ta hana sayar da shi. Sanarwar Istanbul ta 2008, wadda masana dashe na duniya suka fitar, ita ma ta haramta fataucinsa. Kun ji yadda ta kaya da Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya: a 2023 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8 saboda kai wani matashi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa a ba 'yarsa. Duk dillalin da ya zo muku da "ɗan uwa" na haya, ko ya yi wa yaronku alkawarin biza da aiki a waje a kan gwajin jini, ku kai rahotonsa ga 'yan sanda.

Wanda aka zaɓa ya bayar yana da haƙƙin ganin likita shi kaɗai, ba tare da Baba ko Kawu a ɗakin ba. Yana iya janyewa ko da safiyar tiyata ce, kuma abin da ya faɗa wa likita sirri ne. Idan an matsa maki, 'yar uwa, a wannan zaman za ki faɗa.