Jamus ba ta cire birkin bashi ba, sassauta shi ta yi domin kuɗin tsaro

Tun da majalisar dokokin tarayya, wato Bundestag, ta amince da gyaran kundin tsarin mulkin Jamus ranar 18 ga Maris 2025, maganganu biyu ke yawo. Wai an soke dokar taƙaita cin bashi, wadda ake kira birkin bashi, wai kuma kuɗin makamai zai farfaɗo da tattalin arzikin da ya ja da baya a 2023 da 2024. Ta farko ba gaskiya ba ce. Ta biyun kuwa da sauran magana.

Birkin bashi na 2009 yana nan daram: in ba a halin gaggawa ko koma bayan tattalin arziki ba, giɓin kasafin gwamnatin tarayya ba zai wuce kashi 0.35 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Sassaucin da gyaran ya kawo ya shafi kuɗin sojoji, kare fararen hula, hukumomin leƙen asiri, tsaron intanet da tallafin ƙasashen da aka kai wa hari kamar Yukiren.

Inda ake ruɗewa shi ne kashi 1 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, wanda gyaran ya ambata kan kuɗin tsaro. Wasu sun ɗauka iyakar kuɗin tsaro ke nan. Akasin haka ne. Wannan kashin, wajen Yuro biliyan 43 a lissafin 2024, shi ne ake ƙirgawa a ƙarƙashin birki. Duk abin da ya haura shi ana iya ciyo bashinsa, kuma ba a sa masa rufi ba. Asusun Yuro biliyan 500 da gyaran ya kafa domin ayyuka irin su hanyoyi, layin dogo da makarantu daban yake, yana da iyaka da wa'adin shekara 12.

To, zai kawo bunƙasa? Ya danganta da inda kuɗin ya sauka. Harsashin da kamfanin makamai na Rheinmetall ke ƙerawa a garin Unterlüß na Jamus albashi ne a aljihun ma'aikacin Jamus. Amma jiragen yaƙi na F-35 guda 35 da aka saya daga Amurka, yawancin kuɗinsu can zai tafi. Ga shi tankar yaƙi ba ta kai kaya kasuwa kamar gada. Ana sayenta, sai ɗawainiyar gyara da mai.

Kuɗin ruwan bashin kuma kasafin shekarun gaba ne zai biya, kasafin da fansho da ilimi ke jira. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne tsohuwar majalisa ce ta zartar da gyaran, bayan zaɓen sabuwar majalisa na 23 ga Fabrairu 2025, domin a sabuwar samun kashi biyu cikin uku zai yi wa Friedrich Merz, jagoran jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a zaɓen, wuya.