The Miseducation of Lauryn Hill (albam na 1998)

The Miseducation of Lauryn Hill shi ne albam na farko da mawaƙiyar Amurka Lauryn Hill ta fitar ita kaɗai, a watan Agusta na 1998, lokacin tana da shekara 23 kacal. Kafin nan an santa ne a ƙungiyar Fugees tare da Wyclef Jean da Pras, waɗanda albam ɗinsu The Score ya yi tashe sosai a 1996. Sunan albam ɗin kuwa yana da alaƙa da littafin Carter G. Woodson na 1933 wanda ya yi magana kan yadda aka gurɓata ilimin baƙaƙen fata a Amurka.

Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne gamin gambizar da ta yi. A wancan lokaci yawanci mai rap daban yake, mai rera waƙa daban, sai ga yarinya ɗaya tana yin duka biyun a cikin waƙa guda, ta zuba baitoci da zafi sannan ta juya ta rera da murya irin ta mawaƙan coci, ga kiɗan reggae ga soul ga R&B duk a haɗe kuma ba ka jin inda aka yi ɗori. An ɗauki kaso mai yawa na aikin a sutudiyon Tuff Gong da ke Kingston a Jamaika, wato wajen iyalan Bob Marley, kuma ta dage kan a yi amfani da makaɗa na gaske ba na'ura kawai ba. Carlos Santana ne ya kaɗa gita a waƙar To Zion, Mary J. Blige da D'Angelo sun sa murya, John Legend ma tun ba a san shi ba ya buga fiyano a Everything Is Everything.

To Zion ɗin nan ita ce ta fi taɓa zuciya gaskiya. Waƙa ce ga ɗanta na fari, tana ba da labarin yadda aka ba ta shawara ta zubar da cikin don kar sana'arta ta lalace, ta ƙi. Tsakanin waƙoƙin kuma akwai muryar wani malami a aji yana hira da yara kan mene ne so, a farkon albam ɗin ya kira sunan Lauryn a rajista shiru ba ta zo ba. Malamin nan Ras Baraka ne, wanda ya zama magajin garin Newark a 2014.

A kasuwa ya sayar da kwafi sama da 420,000 a makon farko ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard, waƙar Doo Wop (That Thing) ita ma ta shigo kai tsaye a na ɗaya. A bikin Grammy na 1999 ta lashe kyautuka 5, har da ta gwarzon albam na shekara, karo na farko kenan da albam ɗin hip-hop ya ci wannan kyauta. An ɗan samu rigima da wasu makaɗa da ake kira New Ark da suka kai ƙara kan ba a sa sunansu yadda ya kamata ba, aka sasanta a 2001.

Tasirinsa bai tsaya nan ba, don salon haɗa rap da rerawa da ya zama ruwan dare yanzu, tana cikin waɗanda suka share masa hanya, musamman ga mata. A 2018 Drake da Cardi B duk sun ɗebo daga waƙarta Ex-Factor, a 2021 albam ɗin ya kai matakin kwafi miliyan 10 a Amurka, a 2024 kuma Apple Music suka sa shi na ɗaya a jerin albam 100 mafi kyau. Bayan shi albam ɗin da ta fitar sai na wasan kai tsaye na MTV Unplugged a 2002.